Shaƙuwar Jariri da Masu Rainonsa

Shaƙuwa, a bakin masu nazarin rayuwar yara, ita ce ɗaurin da ke tsakanin zuciyar jariri da wani mutum takamaimai, wanda yake nema in ya tsorata, ko ya gaji, ko jikinsa ba daɗi. Alamarta biyu ce. In hankalin yaro ya tashi, jikin wannan mutum ne ke kwantar da shi. In kuwa hankalinsa a kwance yake, ganin mutumin a kusa ne ke ba shi zuciyar sauka ƙasa ya yi rarrafe, ya taɓa wannan, ya ɗanɗana wancan. Ba a haifar yaro a shaƙe da kowa. Da shirin shaƙuwa ake haifarsa, sa'an nan ta ginu cikin watanni, bisa ga wanda yake amsa masa yau da gobe.

Wannan bayani domin iyaye ne, da Zumuntar Mata, da malaman makarantar Lahadi, da dattawan ikkilisiya. Misalan daga ƙauyukan Kankiya da Kusada suke, a tsakiyar jihar Katsina, inda yawancin yaranmu ke tashi a babban gida mai hannaye da yawa: uwa, kaka, faccaloli, gwaggo, da yayye mata. Abin da ya shafe mu shi ne mu san abin da jariri yake bukata a irin wannan gida, da al'adun da ke taimakonsa, da waɗanda ke cutar da shi ba tare da an sani ba.

Yadda take somawa

Sabon jariri ya fi gani a tazarar santimita 20 zuwa 30, wato kamar daga ƙirjin uwa zuwa fuskarta sa'ad da take ba shi mama. A 1980 wasu masana biyu a Amurka, DeCasper da Fifer, suka nuna cewa jarirai 'yan kwana uku sun fi son muryar mahaifiyarsu bisa ta wata mace, gama tun suna ciki suke jin ta. Cikin makon farko kuma yaro yakan bambanta ƙanshin nonon uwarsa da na wata. Duk da haka, a watanni biyun farko duk wanda ya ɗauke shi da kyau zai iya sa shi shiru. Shi ya sa ranar suna yake yawo hannu hannu, ba ya ƙin kowa.

Wajen mako 6 zuwa 8 yakan soma murmushi ga fuskar mutum. Daga wata 3 zuwa 6 yana fara zaɓe: sanannu yake wa dariya da gwaranci fiye da baƙi, kuma a hannunsu ya fi saurin yin shiru.

Tsakanin wata 7 zuwa 9 ne abin yake fitowa fili, kuma Hausa tana da sunansa tun kafin masana su rubuta shi: ƙiwuya, wasu su ce ƙiwa ko ƙyuya. Yaron da jiya kowa ke karɓa a ƙofar majami'a, yau in an miƙo masa hannu sai ya juya ya ƙanƙame uwarsa. Mukan ɗauke ta a matsayin aibi, har a ce uwar ce ta ɓata shi. Alhali ƙiwuya shaida ce cewa yaro ya san nasa. Ku lura da lokacin da take zuwa, daidai da fara rarrafe. Yaron da ya soma motsi da kansa a tsakar gida mai murhu da turmi da rijiya da kunama yana bukatar abin da zai riƙa jawo shi wurin babba, shaƙuwa kuwa ita ce wannan igiya. Ƙiwuya takan yi ƙarfi daga shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sa'an nan ta ragu. Ba a maganinta da tilas, ko da fizge yaro ana dariya yana kuka. Baƙo ya zauna kusa, ya yi hira da uwar, yaron zai matso don kansa. Wajen shekara 3 ne yake iya riƙe magana kamar “zan je kasuwa in dawo kafin rana ta faɗi”, ya jira da ita.

Abin da ke gina wannan duka ƙaramin abu ne da ake maimaitawa sau dubbai. Yaro ya ji yunwa ko sanyi ko tsoro, ya yi kuka, wani ya zo, damuwar ta wuce. Jariri ba shi da ikon kwantar da kansa. In ya firgita jikinsa na fitar da sinadarin tashin hankali da ake kira kotisol, ɗumin jikin babba da muryarsa ne ke saukar da shi. Shayarwa da haɗuwar fata da fata kuma suna sa jikin uwa ya fitar da oksitosin, wanda ke sa nono zubowa, yana kuma ƙara mata son riƙe yaron. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a ɗora jariri a ƙirjin uwa, a sa masa mama cikin awa guda da haihuwa, kada a zubar da dakashi. Amma matar da aka yi wa aiki, ko wadda ta galabaita ba ta samu wannan awar ba, kada ta sa damuwa. Shaƙuwa ba ta rana ɗaya ba ce.

Inda wannan ilimi ya fito

John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwar yara a Ingila wanda ya rayu daga 1907 zuwa 1990, shi ne ya kafa wannan fanni. Bayan yaƙin duniya na biyu Turai ta cika da marayu da yaran da aka raba da iyayensu, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ya yi bincike. Rahotonsa na 1951 ya ce ƙaramin yaro na bukatar dangantaka mai ɗumi, marar yankewa, da uwarsa ko da wadda ta tsaya a madadinta. A lokacin masana da yawa suna ganin nono ne kaɗai dalilin da yaro ke son uwa. Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya gwada wannan ra'ayi da 'ya'yan birai, ya ba da sakamakon a 1958. Ya yi musu uwar ƙarya biyu, ɗaya ta waya mai kwalbar madara, ɗaya ta tufafi mai laushi marar madara. 'Yan biran sukan je wurin ta waya su sha, su koma su manne da mai laushi yawancin yini, kuma in an tsorata su wurinta suke gudu. Gwaji ne na rashin tausayi, amma ya nuna cewa ɗumin jiki bukata ce mai zaman kanta, dabam da abinci.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a Afirka aka fara bin wannan al'amari gida gida. Mary Ainsworth, abokiyar aikin Bowlby, ta je Yuganda a 1954, ta riƙa ziyartar gidaje 26 a ƙauyukan da ke kewaye da Kampala wata da watanni, tana kallon mata da jariransu. A can ta lura cewa yaran da suka fi sakin jiki su ne waɗanda iyayensu suka fi gane alamunsu, suka fi amsa musu a kan lokaci. Littafinta a kan wannan ya fito a 1967.

Abin da aka gani a gidajen Hausawa

An yi irin wannan nazari a ƙasar Hausa ma. Wajen 1970 Robert LeVine yana jagorantar wani sashen binciken rayuwar yara a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 1977 shi da matarsa Sarah LeVine, da Robert Marvin, da wasu abokan aiki biyu suka buga abin da suka gani a kan jarirai Hausawa 18, 'yan wata 6 zuwa 14, a wani garin kasuwa a arewacin Najeriya. Adadin kaɗan ne, amma abin da suka samu duk wanda ya tashi a gidan gandu zai gane shi. A matsakaici, jariri ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, har da uba a cikinsu. Amma a cikin waɗannan akwai mutum guda da ya fi nema, shi ne wanda ya fi ɗaukarsa da hulɗa da shi. A birnin Gilasgo ma, Schaffer da Emerson da suka bi jarirai 60 sun ba da rahoto a 1964 cewa kafin shekara ɗaya da rabi yawancinsu sun shaƙu da mutum fiye da ɗaya.

Ke nan yawan hannaye ba ya rikita yaro. Gata ne ma, gama in uwa ta kwanta ciwo akwai wanda yaron ya riga ya amince da shi. Goyo da majanyi, kwana a jikin uwa, ba da mama duk sa'ad da yaro ya nema, waɗannan abubuwa ne da muka gada, kuma wasu ƙasashe sai yanzu suke komowa gare su. A 1978 wani likita a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, da kwalaben ɗumama bakwaini suka yi masa ƙaranci, ya sa iyaye mata su riƙa ɗaure bakwaininsu a ƙirji, fata da fata. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a yi wa kowane bakwaini haka. Goyo ne, sai dai ta gaba.

Sai batun kunya. A wannan yanki Musulmi da Kirista duk mun gaji kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai, wani lokaci ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane. Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta bayyana wannan al'ada filla filla. Su LeVine kuma, a littafinsu na 2016, sun kafa hujja da ita cewa masana na Turai sun cika kambama kallon ido da ido da hira da jariri, tun da yaran Hausawa da suka tashi cikin kunya sun girma lafiya. A ganina suna da gaskiya, amma da sharaɗi. Uwar da ke kau da kai a gaban surukuwa ita ce dai take goya yaron, take shayar da shi, take kwana da shi, kuma wasan da ta hana kanta kaka da gwaggo suna yi masa har ya yi yawa. Al'adar tana tafiya ne da gidan da ya haife ta. Matsala takan zo ne in saurayi da amaryarsa sun koma ɗakin haya a Katsina ko Kano, suka tafi da kunyar, suka baro kakar a ƙauye. A nan ba mai yi wa yaron tawai, ba mai amsa gwarancinsa. Irin waɗannan iyaye sai su ɗauki aikin kaka su haɗa da nasu.

A ƙauyukanmu na masu bi mata suna noma, da gonar gida da gayaunarsu. Da damina jariri yakan wuni ko dai a bayan uwa a kunya, ko a gindin itace hannun 'yar raino, yarinya mai shekara bakwai ko takwas. Sau da yawa wannan yarinya tana cikin mutum uku ko huɗun nan. Ranar da aka tura ta makarantar kwana ko aikatau a birni, ba mai tunanin jaririn ya yi rashi, sai a ga ya shiga rigima da ƙin abinci. Haka uban da ya tafi ci-rani bayan girbi ya dawo da bazara, zai iya tarar da ɗansa yana masa ƙiwuya. Kada ya ji haushi, kada kuma ya zargi matarsa. Watanni huɗu a wurin ɗan wata goma kusan rabin rayuwarsa ne. Ya riƙa ɗaukarsa kullum, cikin 'yan kwanaki za su daidaita.

Irin shaƙuwar da ake samu

Da Ainsworth ta koma Amurka, a birnin Baltimo ta ƙirƙiro wani gwaji na kimanin minti 20 ga yara 'yan shekara ɗaya. Uwa da ɗa suna ɗaki, baƙuwa ta shigo, uwar ta fita na ɗan lokaci, ta dawo. Abin da aka fi dubawa shi ne yadda yaron ke karɓar uwarsa in ta dawo. Yawancin yara sukan nufe ta, ta ɗauke su, su yi shiru, su koma wasa. Wannan ita ce shaƙuwa mai kwanciyar rai. Wasu sukan kau da kai kamar ba su damu ba, ko da yake awon bugun zuciya ya nuna hankalinsu a tashe yake. Wasu su manne mata suna kuma ture ta, rarrashi ba ya ƙarewa. A 1986 Mary Main da Judith Solomon suka ƙara rukuni na huɗu, na yaran da sukan rikice, su nufi uwa su tsaya cak, ko su matso suna juya baya. An fi ganin wannan inda mai rainon ne da kansa yake tsorata yaron, ko kuma shi ma yana cikin firgici. A 1988 aka haɗa bincike 32 daga ƙasashe 8, aka ga kimanin kashi 65 cikin ɗari na yara suna rukunin farko. Binciken da aka buga a 2001 a kan mata 42 da jariransu a cikin Dogon na ƙasar Mali ya samu kusan wannan adadi.

Kada kowa ya ɗauki waɗannan rukunai ya riƙa liƙa wa 'ya'yan maƙwabta. Horarrun mutane ne ke yin wannan awo, kuma ba hukuncin rayuwa ba ne, yana sakewa in halin gida ya sake. Yara ma da halinsu suke zuwa, wani mai sanyi, wani mai rigima tun ranar fari. Ba a kuma neman uwa marar kuskure. Edward Tronick, wanda ya daɗe yana ɗaukar hoton uwa da jariri suna wasa, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin ne kawai suke daidai da juna. Sauran saɓani ne da gyara, kuma gyaran ne yake koya wa yaro cewa in abu ya ɓaci yakan daidaitu.

Akwai masu cewa yawan ɗaukar jariri na sangarta shi. Ainsworth da Silvia Bell sun ba da rahoto a 1972 cewa jariran da aka fi saurin amsa kukansu a watannin farko su ne suka fi ƙarancin kuka a ƙarshen shekara. Horo yana da lokacinsa, amma ɗan wata biyar bai san wayo ba, bai kuma san laifi ba. Abu guda da dole a faɗa da ƙarfi: kada a taɓa jijjiga jariri da fushi. Wuyansa ba shi da ƙarfi, jini na iya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu. In kuka ya kai mutum maƙura, ya miƙa yaron ga wani, ko ya kwantar da shi wuri mai kyau ya fita ya sha iska.

Yaye da riƙo

A nan ne al'adarmu ta fi bukatar a sake dubanta. Yadda aka saba, yaro ya kai shekara ɗaya da rabi ko biyu, rana ɗaya a shafa wa mama abu mai ɗaci, ko a ɗauke shi a kai shi gidan kaka a wani ƙauye, a ce kada uwar ta je sai ya manta. Kwana biyu ko uku yana kuka, sa'an nan ya yi shiru, sai a ce ya dangana.

James Robertson, wanda ya yi aiki da Bowlby, ya bi ƙananan yaran da ake kwantarwa a asibitocin Ingila ba tare da iyayensu ba, har ya yi fim a kan wata 'yar shekara biyu a 1952. Ya ga matakai uku. Da fari yaro na kuka da neman uwa. Bayan haka ya yi lamo, ya rage ci da wasa. A ƙarshe ya soma karɓar kowa, amma in uwar ta zo sai ya kau da kai kamar bai san ta ba. Ma'aikatan asibiti suna ɗaukar shirun nan a matsayin sabo, alhali baƙin ciki ne. Wannan aiki ya taimaka aka sake dokar ziyara a asibitocin Ingila daga 1959. Mu a nan, a Babban Asibitin Kankiya ko wani, uwa ce ke zaman jinyar ɗanta, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma abin da Robertson ya bayyana shi ne muke gani a yayen rana ɗaya.

Abu biyu ake ɗauke wa yaro lokaci guda, mama da mai maman. Ba dole ne a haɗa su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba da nono zalla wata 6, a ci gaba da shi tare da abinci har shekara 2 ko fiye. In lokacin yaye ya yi, a rage a hankali cikin makonni, a fara da na rana, na dare ya zama na ƙarshe, uwar tana nan tana goyo da rarrashi. In lalle sai an kai shi wurin kaka, to ta zama kakar da ya riga ya sani, ko ita ta zo ta zauna kwanaki tukuna. A haɗa shi da majanyinsa mai ƙanshin uwa, uwar kuma ta riƙa zuwa. Kada a yaye yaro yana ciwo, kuma in da hali a kauce wa tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka yi yawa. Yaron da ke baƙin ciki ba ya cin abinci, daga nan kuwa tamowa take samun ƙofa.

Yayen da ya fi muni shi ne na kwanika. Mace ta ga tana da ciki da goyo, a ce nononta ya zama guba, a cire yaro ɗan wata takwas ko goma a ranar. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yakan ragu, ɗanɗanonsa ya sake, amma in cikin lafiyayye ne tana iya ci gaba da shayarwa, ta ƙara cin abinci, ta nemi shawarar ma'aikaciyar awo. Sunan da likitoci ke kiran tamowa mai kumburi, kwashiyoko, daga harshen Ga na ƙasar Gana ya fito. Likita Cicely Williams ce ta shigar da shi littattafan likitanci a shekarun 1930, ma'anarsa kuwa ciwon yaron da aka ture domin ƙane ya zo.

Riƙo kuma ba laifi ba ne. Baba ta Karo ba ta taɓa haihuwa ba, 'ya'yan dangi ta riƙa, ta ƙaunace su. Da yawa cikinmu a hannun gwaggo ko kaka muka tashi. Abin da ke cutarwa shi ne yawo da yaro, wata uku nan, wata biyar can, musamman kafin ya cika shekara uku, ko a ba da shi gidan da aiki ake so da shi.

Sa'ad da uwa ba ta da ƙarfin amsawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana fama da ciwon damuwa ko makamancinsa bayan haihuwa. Mai jego ta yi ta kuka ba dalili, barci ya ƙi, ta ji ba ta son taɓa yaron, ta riƙa ganin kanta muguwa. In ya wuce mako biyu ciwo ne, yana kuma da magani. Ba rashin bangaskiya ba ne, kada a tsawata mata, kada a tsaya ga addu'a kaɗai a ƙi kai ta asibiti. In ta fara maganar cutar da kanta ko yaron, ko tana jin muryoyi, a kai ta a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Kwana arba'in na jego, da mata ke ɗauke wa mai haihuwa aiki, kariya ce babba, sai dai ciwon yakan fito bayan an watse. Ziyarar Zumuntar Mata a wata na biyu da na uku ta fi ta ranar suna amfani.

Haka matan da hare-haren 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu a wannan jiha. Wadda ta ga an kashe mijinta, ko ta kwana a daji da goyo, za ta iya zama tana kallon wuri guda, yaro na kuka ba ta ji. Taimakon jaririn a nan shi ne a taimaki uwar: wurin kwana, abinci, da mace guda da za ta riƙa zama da ita. Akwai kuma ƙaramin ɓarawon hankali da ya shigo kwanan nan, wato waya. Mai shayarwa ido a kan waya tana rasa lokacin da yaron ya fi neman fuskarta.

Yaron da bai yi murmushi ba har wata uku, ko ba ya juyowa ga ƙara ko murya a wata shida, ko ba ya gwaranci, ba ya waiwayowa in an kira sunansa a shekara ɗaya, a kai shi a duba kunnensa da girmansa. Sau da yawa wannan ba shi da alaƙa da irin rainon da aka yi masa.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Littafi Mai Tsarki bai koyar da wannan a matsayin darasi ba, amma gidajen da ke cikinsa sun yi kama da namu. A Farawa 21 Ibrahim ya yi babban biki ranar da aka yaye Ishaku. Hannatu, a 1 Sama'ila 1, ta ƙi zuwa Shilo sai da ta yaye Sama'ila, a zamanin da yaye kan kai shekara biyu zuwa uku, bayan ta miƙa shi kuma kowace shekara tana ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. A Fitowa 2 yayar Musa ce ta yi dabara aka mai da shi hannun mahaifiyarsa ta shayar da shi. A Rut 4 kaka Na'omi ce ta rungumi Obida ta zama mai rainonsa. Rifkatu ta tafi gidan aure da matar da ta raine ta, Farawa 35 kuma ta ba da labarin mutuwar wannan mata, Debora, da itacen da aka binne ta a gindinsa, wanda aka sa wa sunan kuka. Ishaya 49 da Zabura 131 sun ɗauki mai shayarwa da yayayyen yaro a jikin uwarsa su zama misalin yadda Ubangiji yake da mutanensa. Saboda haka kukan jariri a lokacin sujada ba abin da za a harari uwa a kansa ba ne. A ba masu goyo wuri kusa da ƙofa, kada kuma a tilasta wa mai ƙiwuya zaman ajin yara shi kaɗai.

In uwa ta rasu

Wannan yana faruwa a ƙauyukanmu fiye da yadda ya kamata, kuma sau da yawa ikkilisiya ce ake fara tambaya. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a 1989, duniya ta ga dubban yara a gidajen marayu na gwamnati, ana ba su abinci amma ba mai ɗaukarsu, ma'aikata na sauyawa. Daga shekara ta 2000 masana suka bi 136 daga cikin irin waɗannan yara a birnin Bukares, aka mai da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Da suka kai shekara uku da rabi, kashi 49 cikin ɗari na waɗanda ke hannun iyali suna da shaƙuwa mai kwanciyar rai, a cikin ɗaya rukunin kuwa kashi 18. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu sun fi samun sauƙi.

Don haka kafin a yi maganar gidan marayu, a duba dangi. Tun a zaman makoki dattawa su zaunar da dangin uba da na uwa a tsai da mace guda da za ta zama uwar yaron, wadda zai kwana a jikinta, ba a yi ta karɓa-karɓa tsakanin gidaje ba. In akwai mai shayarwa a dangi da ta yarda, a fara yi mata gwajin cutar ƙanjamau a asibiti. In madarar gwangwani za a ba shi, ma'aikacin lafiya ya nuna yadda ake haɗawa da tafasasshen ruwa, a ba shi da kofi mai tsabta, yana rungume a hannu. Kada a raba shi da yayarsa ko 'yar rainon da ya sani. Uban ya riƙa ɗaukarsa kullum ko da a wani gida yaron yake. Kuɗin madara da sabulu kuwa ikkilisiya ta sa su cikin lissafin baiko na wata wata har yaron ya cika shekara biyu, a ba mutum guda alhakin kai su.